Yadda Ake Tayar da Akwatin Wutar Kwamfuta Shi Kaɗai Don Gwajin Kayan Aiki

Idan aka danna makunnin kwamfutar tebur aka ji shiru, babu ƙarar fanka, babu fitila, abubuwan zargi suna da yawa: makunnin gaba, madabod (babban allon da sauran kayan ke haɗuwa a kai), wani kati da ya yi shot (wuta ta haɗe ta inda bai kamata ba), wayar bango, ko kuma akwatin wutar kansa, wanda masu gyara ke kira PSU. Hanya mafi sauƙi ta rage zargi ita ce a raba akwatin wutar da sauran kayan, a tayar da shi shi kaɗai a kan tebur, a auna abin da yake fitarwa. Da wannan dabarar ce kuma ake samun wutar gwada fanka, faifan ajiya ko famfon sanyaya ba tare da an kunna kwamfuta gaba ɗaya ba.

Aikin bai wuce haɗa ramuka biyu na babban fulogin akwatin da guntuwar waya ba. Amma ganin fanka ta juya ba ya nufin akwatin lafiyarsa ƙalau, iyaka dai ya nuna bai mutu murus ba. Ainihin gwajin sai an sa mitar auna wuta, kuma sai an ɗora masa lodi, wato wani abin da zai ja wuta daga gare shi.

Abin da ya sa ba ya tashi da kansa

Tsofaffin akwatunan wuta na tsarin AT suna da makunni da ke yanke wutar bango kai tsaye. A 1995 kamfanin Intel ya fito da tsarin ATX, wanda ya mayar da ikon kunnawa hannun madabod. Daga lokacin, da zarar ka soka akwatin a bango ka buɗe makunninsa na baya, wani ƙaramin sashe ne kawai yake farkawa a ciki. Shi ke ba da 5V na jiran aiki, wanda ake rubutawa 5VSB, ta waya mai launin shunayya. Sauran layukan duk suna kashe.

A cikin babban fulogin da ke shiga madabod akwai waya ɗaya koriya mai suna PS_ON. Akwatin yana riƙe ta da ɗan ƙarfin wuta, yawanci kusa da 5V. Idan ka danna makunnin gaba, madabod ne ke jan wannan koriyar waya zuwa sifili, wato ya haɗa ta da layin baƙaƙen wayoyi. Akwatin na ganin ta faɗi ƙasa da 0.8V sai ya saki 12V da 5V da 3.3V. Abin da za mu yi shi ne mu tsaya a madadin madabod, mu haɗa koriya da baƙa da hannunmu. Wutar da ke bi ta wannan haɗi kaɗan ce ƙwarai, sigina ce kawai, shi ya sa siririyar waya take isa.

Kafin ka taɓa komai

Kada ka buɗe murfin akwatin. Duk abin da za a yi a nan daga waje ake yin sa. A ciki akwai manyan kafasita, wato ma'ajiyar wuta, da ke riƙe wuta tsakanin 300V zuwa 400V, kuma suna iya ci gaba da riƙe ta bayan an zare fulogi daga bango. Wayoyin waje kuwa ba su wuce 12V ba, ba za su ja ka ba. Haɗarinsu na daban ne: akwati mai wat 550 yana iya tura sama da amfiya 40 a layin 12V, wanda ya isa ya narkar da siririyar waya ko ya mayar da zobe jajawur. Cire zobe da agogon ƙarfe, ka yi aiki a kan katako ko wani abin da ba ya ɗaukar wuta, ka kwashe sukurori da sukuddireba daga wajen.

Sai ka juya bayan akwatin ka duba. Idan tsoho ne, ƙila ka ga ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Tabbatar yana kan lambar da ta dace da wutar bangonka. Wanda aka bari a 115 aka soka masa 230 fashewa yake yi nan take, babu gargaɗi. Yawancin sababbin akwatuna ba su da wannan makunni, su ke daidaita kansu.

Ka shinshina shi kuma. Idan yana warin ƙonewa, ko ka girgiza shi ka ji wani abu yana kaɗawa a ciki, ko ka ga alamar baƙin hayaƙi a ramukan iska, gwajin ya ƙare tun ba a fara ba. Kada ka ba shi wuta.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: guntuwar waya mai rufi da aka fere bakinta biyu, ko maƙalin takarda na ƙarfe da aka lanƙwasa kamar harafin U, tef ɗin wuta, mita mai auna wutar DC, da wani abin ɗora wa akwatin, kamar fankar kwamfuta ko tsohon faifan ajiya da babu abin asara a cikinsa. Ni na fi son waya mai rufi a kan maƙalin takarda, don maƙalin tsirara yake, kuma wasu ana shafa musu fenti ko roba da ke hana haɗi ya kama. Ana kuma sayar da ɗan fulogin da aka riga aka haɗa ramukan a cikinsa, wasu kamfanoni ma suna saka shi a kwalin sabon akwati. Idan kana da shi, ya fi duka.

Gano ramin da ya dace

A nan ne ake yin ɓarna, don haka kada ka yi gaggawa.

Kashe makunnin baya, ka zare wayar bango. Cire duk wayoyin akwatin daga cikin kwamfuta: babban fulogi mai ramuka 24, na furosesa mai 4 ko 8, na katin hoto, na faifai, duka. Ba dole sai ka kwance akwatin daga jikin kwamfutar ba, amma kada ka bar waya ko ɗaya a haɗe da madabod.

Ɗauki babban fulogin. Layi biyu ne, kowanne da ramuka 12, kuma a gefe ɗaya akwai ƙugiyar roba da ke kama madabod. Idan wayoyin masu launi ne, ka huta: koriya ɗaya ce tak, kuma baƙaƙe ne a dama da hagunta. A lissafin ATX koriyar ita ce rami na 16, maƙwabtanta 15 da 17 duk baƙaƙe ne. A tsohon fulogi mai ramuka 20 ita ce ta 14.

Matsalar ita ce akwatunan yanzu da yawa wayoyinsu duk baƙaƙe ne, don ado. A nan sai ƙirge. Ramin da muke nema yana layin da ke gefen ƙugiya, kuma shi ne na huɗu daga ɗaya ƙarshen. To wane ƙarshen? Maimakon ka dogara da hagu da dama, waɗanda ke juyewa gwargwadon yadda ka riƙe fulogin, nemi alamu biyu. Ta farko: a yawancin fulogai ramuka huɗu na ƙarshe suna ɓallewa daban, don su dace da tsohon madabod mai 20. Waɗannan su ne 11, 12, 23 da 24, saboda haka daga ɗaya ƙarshen za ka fara ƙirge. Ta biyu: a layin ƙugiya yawanci akwai rami ɗaya da babu ƙarfe a cikinsa. Wannan shi ne na 20, wurin farar waya mai -5V da aka daina amfani da ita bayan tafiyar wasu tsofaffin katunan kwamfuta da ake kira ISA. Ramin banzan yana zama na takwas idan ka fara ƙirge daga ƙarshen da ya dace, na biyar idan ka fara daga wanda bai dace ba. Da ka tabbatar, na huɗu shi ne PS_ON, na uku da na biyar su ne ramukan baƙaƙen wayoyin layin sifili.

Idan har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, mita za ta raba gardama. Akwatin yana zare daga bango, sa mitar a wurin gwajin haɗi mai ƙara, ka ɗora tsinke ɗaya a kan sukurun jikin akwatin, ɗayan a ramin da kake zaton baƙa ce. Idan ta yi ƙara, ka dace. Sannan ka soka wutar bango, ka buɗe makunnin baya, ba tare da ka haɗa komai ba, ka auna ramin na huɗu. Ya kamata ka ga ɗan ƙarfi tsakanin 3V da 5V a kansa.

Duk wannan lissafi na akwatin ATX na gama-gari ne. Kwamfutocin da manyan kamfanoni irin su Dell, HP da Lenovo ke haɗawa sukan zo da nasu fulogin mai ramuka 6, 8, 10 ko 14, da nasu tsarin. Wasu kwamfutocin Dell na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 ma fuloginsu kamar na ATX yake sak, amma an sauya wuraren wayoyin. Akwai kuma tsarin ATX12VO mai ramuka 10, wanda 12V kaɗai yake bayarwa. Idan irin waɗannan ne a hannunka, nemi taswirar ramukan wannan samfurin takamaimai kafin ka soka komai.

Tayar da shi

Fara da gwajin da ba ya buƙatar haɗa komai. Akwatin yana soke, makunnin baya a buɗe, sa mita a DC, ma'aunin 20V idan ba mai zaɓa da kanta ba ce. Baƙin tsinke a baƙar waya, ja a shunayya, rami na 9. Ya kamata ka ga 5V. Idan babu, sauya wayar bango, ka gwada wani soket. Idan har yanzu babu, to akwatin ba zai tashi ba ko me ka haɗa, domin daga wannan layin ne sashen kunnawa yake shan wuta. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki, alhali a cikin daƙiƙa goma yake yanke hukunci.

Idan 5V ɗin yana nan, kashe makunnin baya ka zare fulogi. Soka bakin wayarka ɗaya a rami na 16, ɗayan a na 17 ko 15. Tura ta sosai har ka ji ta kama ƙarfen ciki, amma kada ka cusa waya mai kauri da ƙarfi, don tana buɗe bakin ramin, daga baya ya riƙa sakin madabod. Naɗe abin da ya rage a waje da tef. Haɗa fankarka ko tsohon faifan a ɗaya daga ƙananan fulogai. Ajiye babban fulogin yadda ramukansa ba sa kallon wani ƙarfe. Yanzu soka wutar bango, ka buɗe makunnin baya. Daga nan wannan makunnin shi ne abin kunnawa da kashewa.

Kasa kunne ka zuba ido. A lafiyayyen akwati za ka iya jin ɗan ƙas, fankar da ka haɗa ta ɗauka, faifai ya fara juyawa. Idan ka ji tartsatsi ko wari, kashe nan take.

Kada fankar akwatin kanta ta ruɗe ka. Sababbi da yawa an ƙera su ne fankarsu ta yi shiru har sai lodi ko zafi ya kai wani mataki. Wasu sukan juya sau ɗaya su tsaya. An sha jefar da lafiyayyen akwati saboda wannan. Wasu suna da ɗan maɓalli a baya da ke tilasta fankar juyawa kullum. Idan babu, fankar da ka haɗa daga waje ita ce shaidarka, mita kuma ita ce alƙali.

Idan ya tashi na rabin daƙiƙa ya mutu, abu uku ne: ko akwai shot a wani fulogi, ko yana son lodi bai samu ba, ko kuma kariyarsa ta ga wani layi ya kauce ta kashe shi. Yawancin akwatuna idan kariya ta kama ba sa sake tashi sai an kashe makunnin baya an jira ɗan lokaci. Cire abin da ka haɗa, ka sake gwadawa da wani daban, don wataƙila fankar gwajin ce ke da matsala.

Aunawa

Bar baƙin tsinken mita a cikin wata baƙar waya, ya fi sauƙi a fulogin Molex mai manyan ramuka huɗu, don ya zauna da kansa hannunka ɗaya ya huta. Da jan tsinken za ka bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Ka tabbata wayoyin mitar suna ramin auna V, ba na A ba. Mitar da aka manta a ramin amfiya waya ce miƙaƙƙiya, ɗora ta tsakanin rawaya da baƙa shot ne.

Ƙa'idar ATX ta kafin 2022 ta yarda da kaucewar kashi 5 cikin ɗari a manyan layuka, kashi 10 a layin -12V. Ga abin da hakan ke nufi a fuskar mita:

Rawaya, 12V, ramuka 10 da 11: daga 11.40 zuwa 12.60.
Ja, 5V, ramuka 4, 6, 21, 22, 23: daga 4.75 zuwa 5.25.
Ruwan lemo, 3.3V, ramuka 1, 2, 12, 13: daga 3.14 zuwa 3.47.
Shuɗiya, -12V, rami na 14: daga -10.80 zuwa -13.20.
Shunayya, 5VSB, rami na 9: daga 4.75 zuwa 5.25.

Sai waya mai ruwan toka a rami na 8, mai suna PWR_OK, wadda aka fi mantawa da ita. Da ita akwatin ke shaida wa madabod cewa layuka sun daidaita, furosesa zai iya fara aiki. Tana tashi ne tsakanin milidaƙiƙa 100 zuwa 500 bayan sauran layukan sun zauna, kuma a mita za ka gan ta kusa da 5V, a wasu akwatunan ƙasa da haka kaɗan. Idan duk layuka daidai suke amma ita tana sifili, kwamfuta za ta kunna fankoki, allo kuwa ya zauna baƙi. Irin wannan ne ke sa a ɗora wa madabod laifin da ba nasa ba.

Kada ka tsaya a babban fulogi. Bi na furosesa da na katin hoto ka taɓa kowane rami mai 12V, musamman idan akwatin mai wayoyin cirewa ne, inda rami ɗaya zai iya saki ko ya ƙone sauran suna lafiya. Duba robar fulogan da kyau a cikin haske: ramin da ya yi ruwan ƙasa ko ya ɗan narke alama ce ta haɗin da ya daɗe yana zafi.

Lodi

Akwatin da ba a ɗora wa komai ba kamar jaki ne da ba a yi wa kaya ba, kowanne zai yi maka tafiya mai kyau. Akwatin da kafasitocinsa suka gaji zai iya nuna maka 12.1V a zaune, da katin hoto ya ja wuta sai ya zube. Saboda haka auna sau biyu: babu lodi, da kuma da lodi, ka kwatanta.

Akwai wani dalilin kuma. Tsofaffin akwatuna da masu araha suna daidaita 12V da 5V ne a tare. Idan ka ja ɗaya ka bar ɗaya a banza, lambobin sai su karkace: ka ɗora wa 12V nauyi, shi ya sauka, 5V ya hau. Wannan ba lalacewa ba ce, haka ƙirar take, kuma shi ya sa irinsu ke son ɗan lodi a 5V kafin su nutsu. Rezisto, wato ɗan kayan da ke taƙaita gudun wuta, mai om 10, wat 10, tsakanin ja da baƙa yana jan rabin amfiya, wato wat 2.5, kuma yawanci ya isa. Zai yi zafi, kada ka ajiye shi a kan roba ko takarda. Sababbin akwatuna masu samar da 5V da 3.3V daga cikin 12V ba su cika damuwa da wannan ba.

A layin 12V, ƙwan fitilar mota shi ne lodi mafi sauƙin samu, tun da shi ma 12V yake sha. Mai wat 21 yana jan kusan amfiya 1.75, na fitilar gaba mai wat 55 kusan 4.6. Haɗa shi tsakanin rawaya da baƙa alhali akwatin yana kashe, sannan ka kunna. Zaren ƙwai idan yana da sanyi yakan fizgi wuta ninki da yawa a farkon tashi, don haka idan ka jera manya uku ko huɗu lokaci ɗaya akwatin zai iya ɗauka shot ne ya kashe kansa. Fara da ɗaya. Kuma kada ka tara su duka a kan waya ɗaya, raba su a kan rawaya daban-daban, kowanne da baƙarsa. Ƙwan fitilar gaba yana zafi sosai, yana kuma kashe ido. Rataye shi inda ba ya taɓa komai.

Bar shi ya yi aiki minti goma zuwa ashirin, mita na kan 12V. Abin da kake nema shi ne lamba mai zama wuri ɗaya. Saukar 0.1 ko 0.2 bayan an ɗora lodi ba komai ba ce. Amma akwati mai wat 500 da wat 100 kawai ya ja shi ƙasa da 11.4, ko lambar ta riƙa rawa sama da ƙasa, ko ya mutu bayan ya ɗumama, wannan ya gama aiki.

Gwajin yana da iyakarsa. Mita tana nuna matsakaicin ƙarfi ne, ba ta ganin ƙananan girgizar da ke kan layi. Ƙa'ida ta ce girgizar kada ta wuce milibolt 120 a 12V, ko 50 a 5V da 3.3V, kuma sai da osiloskof, na'urar da ke zana motsin wuta a allo, ake ganin ta. Ƙwan mota kuma lodi ne mai natsuwa, ba ya fizga kamar katin hoto na zamani da ke iya ninka abin da yake ja na ɗan ƙiftawar ido. Saboda haka idan akwati ya faɗi wannan gwaji, hukuncin tabbatacce ne. Idan ya ci, amma kwamfuta na ci gaba da mutuwa a tsakiyar aiki mai nauyi, bai fita daga zargi ba tukuna. Sai ka sa wani akwatin da ka amince da shi a kwamfutar ka gani.

Amfani da shi wajen gwada wasu kaya

Da ka gamsu da lafiyarsa, ya zama maka tushen wuta na tebur. Doka ɗaya ce ke tafe da kai: kashe, haɗa, sannan kunna. Kada ka soka ko ka zare kaya wuta na gudana, musamman a fulogin Molex.

Fanka mai ramuka 3 ko 4 tana buƙatar 12V da baƙa kawai, za ta juya da cikakken gudunta. Faifan ajiya mai juyawa kuwa kunne ne ke gwada shi: lafiyayye zai ɗauki gudu, ya yi ɗan motsin kai, ya daidaita. Mai maimaita ƙas-ƙas ko mai ƙugi ba ya juyawa yana da matsala. Sai dai akwai wani tarko. SATA shi ne tsarin fulogin faifan ajiya, kuma ƙa'idar SATA 3.3 ta 2016 ta mayar da fil na 3 na fulogin wuta hanyar kashe faifai, don haka wasu manyan faifai ba sa tashi sam idan akwatin ya ba su 3.3V a wannan fil ɗin. Kafin ka ce faifai ya mutu, gwada shi da mahaɗin Molex zuwa SATA, wanda ba shi da wayar ruwan lemo.

Masu sanyaya kwamfuta da ruwa su ne suka fi kowa amfani da wannan dabara, domin a cika bututu a nemi yoyo alhali babu wuta a madabod. Famfo kaɗai ake haɗawa, a cika tanki, a kunna, da ruwa ya kusa ƙarewa a kashe a ƙara. Kada a bar famfo ya juya a bushe, ruwan ne ke zama kamar mai ga ƙarfen juyinsa. A shimfiɗa farar takarda mai shan ruwa a ƙarƙashin kowane mahaɗi, a bar shi ya yi awoyi.

Abu biyu ne ke ƙona kaya a wannan mataki, kuma duka biyun daga kamannin fulogi suke. Na furosesa mai ramuka 8 da na katin hoto mai 8 kusan iri ɗaya ne a ido, amma wayoyinsu a juye suke: a na furosesa 12V yana gefen ƙugiya, a na katin hoto baƙaƙe ne a gefen ƙugiya. An yi musu siffar rami daban don kada su shiga wurin juna, amma mai ƙarfin hannu yana iya cusawa. Idan fulogi ya ƙi shiga, tsaya ka duba. Na biyu shi ne wayoyin cirewa. Ɓangaren da ke shiga kaya ne kawai yake da ƙa'ida; ɓangaren da ke shiga jikin akwati kowane kamfani da nasa tsarin, wani lokaci ma samfuri biyu na kamfani ɗaya sun bambanta. Wayar wani akwati za ta iya shiga daram ta aika 12V inda ake jiran 5V, faifai ya ƙone da duk abin da ke cikinsa. Idan wayoyi sun cakuɗe maka, ga amfanin abin da ka koya: tayar da akwatin shi kaɗai, ka auna bakin kowace waya kafin ta taɓa kaya.

Ka kuma san iyakar kowane fulogi. Na SATA bai wuce wat 54 a 12V ba, na katin hoto mai 6 an tsara shi don wat 75, mai 8 don 150. Mahaɗan da ke ɗaukar wuta daga SATA su kai wa katin hoto saboda haka ne suke narkewa.

Idan zai zauna a tebur dindindin

Wanda zai riƙa wannan aiki kullum bai kamata ya zauna da maƙalin takarda ba. Sa ƙaramin makunni tsakanin koriya da baƙa. Ƙaramar fitilar LED da rezisto a kan shunayya za ta nuna akwai wutar bango, wata a kan ja ta nuna an kunna. Ana sayar da ɗan allo da ake soka babban fulogin a ciki, ya fitar da kowane layi a kan sukurun ɗaure waya, da makunni da fis. Na fi ganin hikimarsa a kan yanke wayoyi, domin akwatin yana nan yadda yake, ana iya mayar da shi cikin kwamfuta. Idan kuwa ka yanke, lura da siririyar waya, galibi ruwan ƙasa, da ke manne da ta ruwan lemo a rami na 13. Da ita akwatin ke jin ƙarfin 3.3V a bakin fulogi. Dole ta kasance haɗe da ruwan lemo, in ba haka ba layin zai kauce ko akwatin ya ƙi zama a kunne.

Fis ba abin sakaci ba ne a nan. Kariyar akwatin an saita ta ne don ta ceci akwatin, ba siririyar wayarka ba, kuma ba shi da wurin rage yawan wutar da zai bayar kamar na'urar gwaji ta ainihi. Ƙaramin allon da ya yi shot zai iya shan amfiya 15 yana hayaƙi, akwatin bai ma san ana yi ba. Sa fis mai amfiya 2, 3 ko 5 a kowane layi gwargwadon abin da kake gwadawa.

Ana yawan ba da shawarar a haɗa 12V da -12V a sami 24V. Mita za ta nuna 24 ɗin, amma layin -12V yawanci bai wuce amfiya 0.3 ba, kamar yadda za ka gani a takardar da ke manne a jikin akwatin, don haka ba zai ja abin kirki ba. Haka nan kada ka haɗa rawayar akwati biyu wuri ɗaya don neman ƙarin ƙarfi; ba a ƙera su don raba lodi ba.

Idan ka gama, kashe makunnin baya, zare wayar bango, ka jira fitilar jiran aiki ta mutu, sannan ka cire wayar da ka haɗa ramuka da ita. Leƙa ramuka 16 da 17 ka tabbata babu guntun ƙarfe ko tef da ya maƙale, kuma bakinsu bai buɗe ba, kafin ka mayar da fulogin kan madabod ka danna shi har ƙugiya ta kama.